Zaman Kashe Wando Bai San Iyakar Ƙaramar Hukuma Ba

Na halarci wani bikin rabon kayan tallafi a harabar sakatariyar wata ƙaramar hukuma a cikin birnin Kano. Tun da hantsi an kafa rumfuna, an jera kekunan ɗinki da ledarsu a gefe guda, injinan markaɗe a ɗaya gefen, ga baro-baro an kife, ga akwatunan aski. Maroƙi na ta zuba kirari, 'yan jagaliya na ta ihu. Aka riƙa kiran samari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kayansa, mai hoto ya ɗauka, a tafa. Da taro ya watse na fito bakin ƙofa, sai ga dillalai a tsaye da kuɗi a hannu, a-kori-kura na jira a gindin bishiya. Kafin la'asar kekuna da yawa sun kama hanyar kasuwar da aka sayo su. Na hangi wani yaron unguwarmu yana ƙirga kuɗi, na kira shi na ce, "Kai kuwa me ya kai ka sayarwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a layinmu teloli shida ne, duk a zaune suke sai salla ta matso. Wa zan ɗinka wa? Ni fa walda na koya."

Ban iya yi masa faɗa ba, domin ya fi waɗanda suka shirya bikin sanin halin da kasuwa ke ciki. Ba a yi wata guda ba ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu ta yi nata bikin, da irin kekunan da irin injinan, ta raba wa samarin da titi ɗaya kawai ya raba su da namu. Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa me ya raba, balle a tambayi masu ɗaukar ma'aikata wane irin hannu suke nema. Wannan hali nake son in tsawatar a kai, kuma da ku nake, ranku ya daɗe: ciyamomi, kwamishinoni, masu girma gwamnoni, magadan gari na Nijar, da alhazan kasuwa. Kun mayar da garuruwanmu kishiyoyi. Kowace tana girkinta a ƙuryar ɗaki don kada ta kusa ta ga abin da ke cikin tukunya, 'ya'yan gidan kuwa suna kwana da yunwa.

Ku bi saurayi ɗaya na yini guda ku ga yadda rayuwa take. Ya kwana a Bachirawa, ƙaramar hukumar Ungogo. Da safe ya tafi wajen maigidansa a Ƙofar Ruwa, wato Dala. An aike shi sayo yadi a Kantin Kwari, ya shiga Fagge. Wayarsa ta lalace, ya kai ta Farm Centre, Tarauni ke nan. Ya ji ana ɗaukar leburori a Challawa, ya nufi Kumbotso, idan bai dace ba ya gwada Bompai a Nassarawa, ko ya tafi dakon buhu a Dawanau, wadda ke Dawakin Tofa. Kafin magariba ya taka ƙasar ciyamomi biyar ko shida, bai ma san ya tsallaka wata iyaka ba. Birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne a takarda, amma a wurin mai neman abinci gari ɗaya ne, kasuwar aikinsa ɗaya ce. Haka Kaduna take a rabe tsakanin Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Haka Zariya da Sabon Gari. To a nuna mana teburin da ciyamomin birni ɗaya suke zama a kai duk wata, da lissafin samarin da ba su da aiki a hannun dama, da lissafin wuraren da ke neman ma'aikata a hannun hagu. A nuna mana takardar da suka sa wa hannu.

Abin da muke gani shi ne shinge, kuma na farkonsa takardar shaidar asali. Yaro an haife shi a Kurna, a nan aka yanke cibiyarsa, a nan ya yi allo ya yi boko, bai san wani gida ba. Ranar da ya je cike fom ɗin koyon sana'a sai a ce masa mahaifinsa mutumin Haɗejiya ne, ya tafi Jigawa. Ya je Jigawa, a ce ba a san shi ba, ba ya zaune a nan. Har zuwa 1991 Haɗejiya jihar Kano ce. Har zuwa 1987 Katsina da Daura da Funtuwa jihar Kaduna ne. Layin da soja ya ja a taswira jiya-jiya shi kuka ɗauka kuka mayar katanga tsakanin yaro da abincinsa. Birni da baƙi yake girma. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka riƙe fataucin Kano duk daga wani wuri kakanninsu suka zo. Da an tambaye su takardar asali a bakin ƙofar gari, da kasuwar Kurmi ba ta cika ba.

Shinge na biyu yana kan titi. Saurayi ya yi ta maza, ya karɓi Adaidaita Sahu ko ƙaramar motar kaya a kan biya a hankali. Ya ɗauko kaya daga wannan gari zuwa wancan, sai ya tarar da katako mai ƙusoshi a kan hanya, da mutane riƙe da rasit. Ya nuna wanda ya yanka da safe, a ce wannan na waccan ƙaramar hukumar ne, nan sai ya sake. Kafin ya kai kayan, ribar ta zube a hanya, da dare kuma mai abin hawa na jiran balas. Ku da kuke cewa kuna son matasa su dogara da kansu, ku ne kuka dasa masu tatsar su a kowace mahaɗa. Rasit ɗaya da zai yi aiki a duk faɗin birni, a raba kuɗin a ƙarshen wata, ba ya buƙatar bashin Bankin Duniya. Zama ɗaya yake buƙata, da amana.

Abin kunyar shi ne kakanninmu sun riga mu gane wannan. Ko a labarin Hausa Bakwai an raba wa garuruwa aiki: Kano da Rano sarakunan baba, masu saƙa da rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir mai tsaron iyaka. Ko da mutum ya ɗauki labarin a matsayin tatsuniya, ya nuna yadda mutanen da suke kallon ƙasarsu: kowane gari da abin da ya iya, kuma kowa na buƙatar kowa. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayo goro ba na gari ɗaya ba ne. Madugu yana gaba da fatake daga garuruwa daban-daban, a kowane zango akwai fatoma da zai sauke su, da dillalin da zai tsaya musu. Yaro yakan shiga ayari yana kora jaki, ya fito bayan shekaru da nasa jarin. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Babu waya, babu kwalta, babu kasafin kuɗi, amma manomin auduga da masaƙi da marini da mabugi da bafatake sun san junansu, sun san ranar da kowa zai miƙa wa na gaba.

Ko a zamanin iyayenmu an yi haka. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri, a lokacin gwamnatin Sardauna, daga baya Arewa da Nortex da UNTL suka biyo. Audugar daga gonakin Funtuwa da Malumfashi da Gusau take fitowa, a gurje ta a can ko a Zariya, irin shukar kuma masanan Samaru ke inganta shi. A saƙa a Kaduna da Kano, a sayar a Kantin Kwari, 'yan Maraɗi da Damagaram da Chadi su zo su sara. Sarƙa ce guda da ta ratsa garuruwa da yawa, kuma kowane zobe nata abincin dubban gidaje ne. Mai sayar da abinci a ƙofar masaƙa, da mai gidan haya, da mai faci, duk daga jikinta suke ci. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, sai sarƙar ta fara tsinkewa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, alhali mallakar jihohin Arewa 19 ce. Dukiya mai iyaye goma sha tara ta mutu a tsakar gida kowa na kallon ɗan'uwansa, ma'aikata da yawa kuma suka bar duniya suna jiran haƙƙinsu. Yau ka shiga Kwari, mafi yawan abin da ke kan kanta daga Sin aka yo odarsa, jikan masaƙi kuma shi ne ɗan dakon da ke sauke dilar.

Ku dubi fata. Jar akuyar Sakkwato, da 'yar'uwarta ta Maraɗi, fatarsu ta yi suna a duniya tun zamanin da ake ratsa Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Yau ma ana tara ta daga mahautan garuruwa, a jeme ta a Challawa da Sharaɗa, a loda ta zuwa Italiya da Sifaniya, can a yi takalmi da jaka a ci ribar. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar tarayya sukutum da aka kafa domin binciken fata da koyar da sarrafa ta. A Ƙofar Wambai akwai dukawan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suna fama da almakashi da gam a rumfunan da ba wuta. Sakkwato na da akuya, Zariya na da ilimi, Kano na da majema da kasuwa, tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninsu. Me ya hana jihohin uku su ɗauki nauyin yara tare, su koyi yanka da ɗinki a Samaru, su ƙware a hannun dukawa, a ajiye musu injina a wuri ɗaya mai wuta? Mutanen Aba suna zuwa Kano sayen fata, su koma Ariyariya su yi takalmi, su dawo su sayar mana. Ba su yi laifi ba, sun yi abin da ya kamata mu yi ne.

Tumatir ma haka. Ruwan Tiga ya raya Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ga Danja a Katsina, ga fadamun Haɗejiya, ga ƙasar Zazzau. Kowa ya shuka a lokaci guda, ya kwashe a lokaci guda. Ka je Kwanar Gafan lokacin da kaya ya yi yawa, ka ga kwanduna a rana suna tsiyaya, manomi na roƙon a saya ko nawa ne, wani ya haƙura ya yanka ya shanya kauɗa a ƙasa. Bayan 'yan watanni kuma a nemi tumatir a rasa. A 2016, shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Kadawa, tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki daga Kano har Kaduna da Katsina da Jigawa, ba ta tsaya nuna takarda a iyakar kowa ba. Annoba ta san ƙasar nan ɗaya ce. Da garuruwan nan sun tsara lokacin shuka tare, sun haɗa kuɗi sun gina ɗakunan sanyi da wuraren busarwa, da samari nawa za su samu aikin rainon iri, da feshi, da tantancewa, da sufuri, da gyaran injin ban-ruwa?

Kada ku ce haɗa kai ne ba ku iya ba. Mun ga ranar da kuka iya. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi magana da murya ɗaya a kan almajirai, cikin 'yan kwanaki aka samo motoci, aka samo jami'ai, aka kwashi yara daga wannan jiha zuwa waccan, har wasu suka isa da cutar a jikinsu. Ranar korar yara an samu waya, an samu mota, an samu yarjejeniya. Ranar koya musu sana'a kowa ya ce ba huruminsa ba ne. Haka aka yi da acaɓa. A Janairun 2013 Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur saboda tsaro, kuma dalilin tsaron gaskiya ne. Amma dubban samarin da ke ci daga wannan sana'a ba su ɓace ba, wasu sun koma Adaidaita, da yawa sun watsu zuwa wasu garuruwa. Can ma aka hana, suka ƙara gaba. Legas ta tsananta nata hanin a 2020 da 2022, suka sake ɗaure kaya. Kowane gari yana share dattinsa zuwa ƙofar maƙwabci, ya ce ya yi tsafta. Waɗannan kuwa ba datti ba ne, 'ya'yanmu ne.

Sakamakon yana gabanmu, suna kawai yake sauyawa. A Kano 'yan daba, a Katsina ƙauraye, a Kaduna 'yan shara, a Bauci sara-suka, a Gombe ƙalare. Ciwo ɗaya ne, kowane gari ya raɗa masa suna, kowane gari yana jinyarsa shi kaɗai da kulki. Yaron da ya ƙwaci waya a nan, gobe yana tashar wani gari. Ƙwayar da ake sha a wannan lungu ta ratso jihohi kafin ta iso. Masu sayar da ita suna da wakili a kowane birni, barayin daji suna da masu kai musu mai da burodi daga kowace kasuwa. Masu ɓarna sun haɗa kansu tsaf, masu gyara ne suka kasa. Wanda kuma ya ƙi ɓarna ya zaɓi guminsa, sai ya kama hanyar Agadas, ya nufi Libiya ko Aljeriya ko ramukan zinariya na Jado. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abinci. Hausawa ne 'yan'uwanmu, daga ƙasar Damagaram. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba a tsayawa tambayar jiharsa.

Alƙaluma ma sun faɗa muku. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki kuma suke son yi ba su da shi, a tsakanin matasa kuwa abin ya kai kashi 42.5. A 2023 aka sauya ma'auni, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Ma'auni ya sauya, majalisar bakin titi ba ta ragu da mutum ɗaya ba. Shirin ayyuka 774,000 da aka fara a farkon 2021 ya ba kowace ƙaramar hukuma gurbi 1,000, naira 20,000 a wata har wata uku. An raba daidai wa daida, kamar Fagge da ƙauyen da ba shi da kasuwa buƙatarsu ɗaya ce. Aka share kwata, wata uku suka cika, kowa ya koma dakalinsa. Tunanin rabo ke nan: a yanka nama gunduwa-gunduwa kowa ya kai mazaɓarsa. Aiki mai ɗorewa kuwa ba a yanka shi, sai dai a ƙulla shi daga gari zuwa gari.

Na san uzurinku. Ciyaman zai ce kuɗinsa na hannun gwamna, a asusun haɗin gwiwa. Da gaskiyarsa a nan, shi ya sa ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma duk gwamnan da ke yi wa wannan hukunci ƙafar ungulu yana da kaso a wannan laifi. Amma ranka ya daɗe, kuɗin rumfa da maroƙi da keken ɗinki daga ina suka fito? Tsarin mulki ya damƙa muku kasuwanni da tashoshin mota. Kiran takwaranka a waya ba ya jiran kason wata. Gwamna kuma zai ce maƙwabcinsa ɗan wata jam'iyya ne. A 2016 Legas da Kebbi suka ƙulla yarjejeniyar shinkafa, ɗaya na nomawa ɗaya na saye, kuma tsakaninsu tafiyar yini ce cur. Ko da daga baya tafiyar ta yi sanyi, ta nuna abin yana yiwuwa. Jihohi shida na Kudu maso Yamma sun kafa hukumar tsara ci gabansu tare tun 2013, da ofishinta a Ibadan. Ku da ke jana'izar juna, kuke aurar da 'ya'yanku ga juna, ku ne za ku ce ba za ku iya zama a kan maganar yaran talakawa ba? Gaskiyar ita ce aikin haɗin gwiwa ba ya ɗaukar hoton mutum ɗaya, allon da za a kafa ba zai ɗauki suna ɗaya ba. Son a ce "ni na yi" shi ya hana a yi.

Ga abin da muke nema, kuma babu gagara a ciki. Ƙananan hukumomin kowane birni su buɗe rajista guda ta matasa, wadda za a shiga da shaidar zama a unguwa daga mai unguwa, a bar tambayar garin kaka. A rubuta abin da kowa ya iya da abin da yake son koya. Kafin a sayi ko allura, a zauna da masu masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da shugabannin kasuwanni, da ƙungiyoyin makanikai da kafintoci da magina, a tambaye su hannun da suke nema su rasa. Za su faɗa muku: mai haɗa sola, mai gyaran injin masana'anta, mai shimfiɗa tayil da ya iya awo, mai waldar bututu. A manyan gine-ginen Abuja sau da yawa daga Togo da Benin ake ɗauko masu tayil da filasta, yaranmu na miƙa musu siminti. Sannan a raba aiki: wannan cibiya ta ƙware a wuta, waccan a ƙarfe, ta can a fata, yaro ya je inda sana'arsa take, ƙaramar hukumarsa ta biya masa kuɗin mota. Cibiya ɗaya mai injin da ke aiki ta fi guda takwas masu fenti da kwaɗo a ƙofa.

A kuma daraja masu gidan da suke koyarwa tun kafin a san kalmar tallafi. Yawancin masu sana'ar ƙasar nan a gareji da rumfa suka koya, a hannun wani oga da bai taɓa karɓar sisin gwamnati ba. Kaduna ta nuna hanya, inda kwalejin fasaharta ta jawo masu sana'a na kasuwar Panteka domin a gwada ƙwarewarsu a ba su shaida. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa a Kaduna take zaune, a tsakiyarmu. Me zai hana Kano da Katsina da Gusau da Sakkwato da Dutse su bi ma'auni ɗaya, ta yadda takardar da yaro ya samu a Funtuwa za ta ci a Zariya? Sannan gwamnatoci su zama masu saye na farko. Kowace shekara ana ba da kwangilar kujerun makaranta, da kayan ɗalibai, da takalman jami'ai, da zannuwan asibiti. A haɗa odar garuruwa da yawa wuri ɗaya, a ba ƙungiyoyin matasa da sharaɗin inganci, a biya su a kan lokaci. Tela ba keke ya rasa ba, mai kawo ɗinki ya rasa.

Lokaci kuma ba ya jiranku. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki a 2023, ta Funtuwa a 2024. An fara shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. A 2024 aka kafa hukumar raya Arewa maso Yamma mai hedikwata a Kano. Duk waɗannan za su nemi hannu: masu walda, masu tuƙa injin ɗaga kaya, masu lissafin sito, masu takardun kwastan. Idan garuruwan da ke kan layin ba su zauna tun yanzu sun shirya yaransu ba, jirgi zai zo ya wuce da ma'aikatan da aka kawo daga nesa, namu suna tallar ruwan leda a bakin tasha. Maraɗi da Katsina kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne, sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta fita. Mun ga yadda Jibiya da Ɗan Isa da Maigatari da Illela da Ƙonni suka yi tsit da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. Ko manyan Abuja da Yamai sun yi fushi da juna, magajin gari da ciyaman da sarakunan bakin iyaka suna da bakin yin magana a kan abincin yaransu.

Alhazan kasuwa, ku ma ba ku fita ba. Yaro ya yi muku shekara goma a shago, ya buɗe ya rufe, ya kai yara makaranta, ranar sallama a nemo masa laifi. Wanda ya sallami yaronsa da jari Allah ya saka masa, kuma akwai su da yawa. Amma ƙungiyoyin kasuwannin Kano da Kaduna da Katsina za su iya tsayar da ƙa'ida ɗaya a rubuce: shekara nawa, jari nawa, wa zai yi shaida. Kuma duk wannan magana da 'yan mata ake yin ta. Mai ɗinkin hula a ƙauye, da mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da mai turaren wuta a cikin gida, suna aiki dare da rana, dillali na cinye ribar domin ba su da hanyar kai kayansu babbar kasuwa. Rumfa guda a kowace babbar kasuwa da ƙungiyoyin mata na garuruwa za su riƙa aiko da kaya, da ma'auni ɗaya da farashi sananne, za ta fi musu injin markaɗe dubu.

Mu talakawa ma mu ji tsoron Allah. Mu ne muke cika rumfar, mu ne muke tafi, mu ne muke bin kansila a saka sunan ɗanmu a jerin masu karɓar abin da muka san sayarwa zai yi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, mu daina tambayarsa me zai raba. Mu tambaye shi da wa zai zauna, yara nawa ya sa a aiki, kuma nawa ne har yanzu suke wurin bayan shekara guda. Malamai su faɗa a kan mumbari, sarakuna su faɗa a fada, domin su iyakar ƙaramar hukuma ba ta ɗaure bakinsu ba.

Yaron nan mai walda ya yi kuɗin mota da kuɗin kekensa, ya tafi Kudu. Mahaifiyarsa takan tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, ko ka ji an fara ɗaukar masu walda a nan kusa? Ina son ya dawo." Ban da amsar da zan ba ta. Wataƙila a wannan makon akwai mai masana'anta a Challawa ko Kakuri da ke neman irin hannunsa, amma babu wanda aikinsa ne ya haɗa su. Ku aka ɗora wa wannan aiki, kun rantse a kansa da littafi a hannu, kuma za a tambaye ku. Kafin ku rubuta kasafin kuɗin baɗi, ku ɗaga waya ku kira maƙwabcinku, ku sa rana, ku zauna. Matar nan tana jiran amsa, kuma irinta sun cika kowane layi daga Kano har Maraɗi.